Jirgin Mijina, Hannun Babana

Edita, ina gaishe ku tare da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin na iya zama na rubuto shi, kuma ina roƙo a sakaya sunana.

A lokacin da abin ya faru ni tela ce a Samaru, ina da ɗan shago a bakin titi inda nake yi wa ɗalibai da matan zumuntar cocinmu ɗinki. Mace ce ni mai baki, ba na barin ta kwana, kuma ina ji da hannuna fiye da kima. Idan aka dawo mini da kaya aka ce ɗinki ya warware, sai in ce jikin mai kayan ne ya ƙaru. Maigidana malamin kimiyya ne a wata sakandare ta wajen Basawa, mutum mai sanyin hali, ba ya yawo, ko ƙwallo ba ta dame shi ba. Abu ɗaya ne ya shiga ransa, wato ƙananan jiragen sama da ake tuƙawa daga ƙasa da rimut. A Zariya wannan ba abin mamaki ba ne, garin da yaro ke tasowa yana jin jiragen koyon tuƙi suna kewaya saman gidansu. Shi da wasu ɗalibai da ma'aikata suka haɗa ƙungiya. Duk bayan girbi sukan nemi fili a wajen Bomo, su kafa dogayen sanduna biyu nesa da juna, jirage su yi ta zagaye su, wanda ya riga kammalawa shi ya ci.

Babana kuwa tsohon makanikin jirgin sama ne, jirgi na gaske, ya yi ritaya yana zaune a Jushi. Uwata yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Tun ina yarinya akwai wani ɗan inji a gidanmu, naɗe cikin tsumma a saman kabad, girmansa bai wuce dunƙulen hannu biyu ba. Wani Bature da ya koyar da tuƙi lokacin Baba yana saurayi ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Injin ƙaramin jirgi ne mai shan fetur, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma ko yayyena maza Baba bai taɓa barin su taɓa shi ba. Don haka ranar da ya sauko da shi ya miƙa wa surukinsa sai da na yi ƙwalla, na san ba inji kaɗai ya ba shi ba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: a wanke shi, a sa masa mai, a canza fulogi idan ya mutu, amma kada a ƙara masa komai. Ya ce wanda ya ƙera shi ya san iya gudun da ya yi masa, kuma duk jirgin da zai ɗauke shi a kan wannan gudun za a gina shi.

Maigidana ya gina jirgin da katako marar nauyi, fukafukansa sun fi tsawon hannuwana a buɗe. Ni na lulluɓe shi da yadi kamar yadda Baba ya ce ake yi wa jiragen da, ni kuma na ɗinke wutsiyarsa. A jikin wutsiyar akwai wani ɗan falle mai motsi sama da ƙasa, shi ke sa jirgi ya ɗaga kai ko ya sunkuya. A irin wannan tsohon gini ba da ƙarfe ake haɗa shi ba, da zare ake ɗinke shi yana lanƙwasawa kamar murfin littafi. Baba ya duba ɗinkin, ya ja shi, ya ce ya yi. Ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba don daɗi.

A tseren farko mu muka zo na ƙarshe. Yaran nan masu jiragen soso da batir suka riƙa wuce mu kamar muna tsaye. Suka laƙaba wa jirginmu suna Kaka, wani ma ya ce a nemo masa sandar dogarawa. Maigidana ya yi dariya tare da su, ya dawo gida ya ci tuwonsa. Ni ce abin ya tsaya mini a wuya. Na yi ta yi masa tsiya, har na ce masa ko keken ɗinkina aka sa wa fukafukai zai riga Kaka isa. Da wasa nake faɗa, amma kullum nake faɗa, kuma zuga irin ta cikin gida ta fi ta waje kama mutum.

Da damina ta ja baya sai ya ɗauki injin ya kai Sabon Gari wajen masu gyaran janareta da babura, mutanen da ba abin da suka fi so kamar a ce musu a ƙara wa inji wuta. Suka goge kansa, suka faɗaɗa kafireto, suka canza salansar hayaƙinsa, maigidana kuma ya sassaƙa sabuwar farfela, wato fankar gaban jirgin. Da injin ya dawo muryarsa ma ta canza. Da can gurnani yake yi a hankali, yanzu kuwa ƙara yake yi mai kaifi irin ta injin markaɗe. Muka yi shawara kada a gaya wa Baba. Wai so muke mu ba shi mamaki, ya ga tsohon injinsa ya wuce yaran zamani, sai daga baya mu ba shi haƙuri yana cikin murna.

Kafin ranar tsere muka je gwaji da wasu abokan maigidana. Jirgin ya yi gudun da ban taɓa gani ba, amma duk sa'ad da ya kai ƙarshen gudunsa sai in ji wutsiyar tana wani irin zuzu kamar zanzaro. Da ya sauka na durƙusa na duba. Zaren ya fara yin gashi, ramukan allura a jikin yadin sun buɗe. Duk telan da ya san aikinsa ya san cewa idan yadi ya fara yagewa ta ramin allura, ƙarin zare ba ya maganinsa. Na sani sarai. Amma ga abokansa sun kewaye shi suna yabo, ban ga ta inda zan buɗe baki in kunyata mijina a gabansu ba, balle in ce ɗinkina ne ke neman gazawa. A gida na ambata masa sama-sama, ya ce in bi shi da wani zaren, na ninka zare na bi. Duk tsoronmu a kan injin yake, kada ya yi zafi ya kama da wuta, har bokitin yashi maigidana ya tanada. Ashe ana zaton wuta a maƙera, a masaƙa za ta tashi.

Ranar tseren, wata Asabar, fili ya cika, ɗalibai da mutanen ƙauye da masu sayar da rake. An ja igiya an ce 'yan kallo su tsaya a bayanta. Baba ya zo cikin farin kaftanin da na ɗinka masa, da hularsa, yana ta fara'a. Ni kuwa na ce ba zai yiwu dattijo kamarsa, mai injin ma ɗungurungum, ya tsaya a bayan igiya yara suna ture shi ba. A wurinmu babba gaba ake kai shi, a biki, a coci, a ko'ina. Na ɗauko kujerar roba na tsallaka igiya na ajiye ta a inuwar wata ɗorawa, kusa da ɗaya daga cikin sandunan. Wani ɗalibi cikin masu shirya taron ya matso da ladabi ya ce, Anti, nan ne fa jirage ke yin kwana. Na dube shi sama da ƙasa na tambaye shi ko ba shi da uba a gida. Yaron ya ba ni haƙuri ya ja da baya. Ba wanda ya sake tankawa, domin ba mai son a ce ya hana a girmama tsoho.

Ina tsaye a gefen Baba aka tayar da injuna can tsakiyar fili. Ko da ƙarar tamu ta iso kunnensa sai na ga fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya karkata kai ya saurara, sannan ya juyo.

"Uwata, wa ya taɓa injin nan?"

Dariya na yi, na ce masa, Baba ku dai ku zuba ido. Kafin ya sake magana jiragen sun tashi. Kaka ya fita kamar an harba shi, ya wuce na farko, ya wuce na biyu, fili ya ruɗe da kiran sunansa. Ni ma ina tsalle ina tafi kamar yarinya. Baba kuwa ya miƙe daga kujera, ya yi gaba yana ɗaga hannu yana kiran surukinsa ya rage wuta ya sauko da shi. Ba wanda ya ji shi cikin wannan hayaniya. Jirgin ya zagayo ta wajenmu, na ji zuzun nan, ya fi na ranar gwaji ƙarfi, sai na ga wani farin abu ya ɓalle daga wutsiyar yana lilo a iska. Na gane shi tun kafin ya faɗo, ɗinkina ne. Jirgin ya ɗaga kai, ya kife, ya juyo kanmu da dukkan gudunsa. Can nesa maigidana yana ta murɗa rimut, ba abin da ke amsa masa. Baba ya ɗaga hannunsa na dama ya kare fuska.

Har yau ba ni da kalmar da zan kwatanta ƙarar da na ji. Jirgin ya same shi. Baba yana kwance a kan kunyar gona, farin kaftanin ya koma ja daga kafaɗa zuwa ƙasa, hannun kuma ban iya dubansa sau biyu ba. Ban yi kuka ba, ban yi ihu ba. An ce hularsa na ɗauka ina ta kakkaɓewa, ina cewa ta yi datti. Wata ɗaliba mai karatun jinya ce ta fizge ɗankwalina ta ɗaure masa damtse, aka sa shi a bayan wata a-kori-kura. Maigidana ya biyo mu da gudu a ƙafa, rimut ɗin yana rataye a wuyansa, ya ma manta da babur ɗinsa a fili. A asibiti likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, suka ce ran ya tsira, amma hannun farfela ta riga ta gama da shi. Daga gwiwar hannu suka yanke.

Masu zuwa dubiya kowa cewa yake tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ina jin su ina sunkuyar da kai. Da Baba ya dawo gida ya ɗan sami ƙarfi sai ya sa aka kawo masa tarkacen jirgin, ya kira mu mu biyu. Da hannun hagu ya riƙa juya su a kan tabarma. Injin da muke ta jin tsoro lafiyarsa ƙalau, ko tsagewa bai yi ba. Baba ya ajiye shi gefe, ya ɗauki wutsiyar, ya daɗe yana shafa wurin da yadin ya yage. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa surukinsa jirgi ba inji ba ne kaɗai, ya ba inji gudun da wutsiya ba ta san da shi ba. Daga nan ya kai yatsa kan zaren da na ninka, ya ɗago ya dube ni.

"Kin gani kafin ranar?"

Na ce na gani, Baba. Ya gyaɗa kai kawai, ya ajiye wutsiyar. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka ke nan, musamman matasan da ke ƙere-ƙere da masu sha'awar tsere kowane iri. Ban ce a daina ba, Baba ma bai ce ba. Amma idan za ku ƙara wa tsohon inji ƙarfi, ku tuna kowane ƙusa da kowane zare da ke jikinsa don ƙarfin da aka yi shi, kuma ku nuna wa wanda ya fi ku sani kafin ku kai shi cikin mutane. Gyaran da sai an ɓoye shi, da ma akwai abin da ake tsoron a ji. Idan gwaji ya nuna muku alama, ku tsaya, kunyar rana ɗaya ba ta kashe kowa. Igiyar da aka ja kuma ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Wanda kuka fi girmamawa shi za ku fi nesantawa da haɗari. Ƙungiyar ta koma yin tserenta, 'yan kallo can nesa, maigidana ba ya tuƙi yanzu, shi ke bin jirage ɗaya bayan ɗaya yana jan wutsiyarsu kafin a bar su su tashi.

Baba ya koyi cin tuwo da hagu, ya koyi miƙa hagu yana ba mutane haƙuri idan za a gaisa. Bayan ya warke Mama ta zo shagona da jaka cike da rigunansa, ta ce ta so ta kai wa wani tela don ta sauƙaƙa mini, shi ya ce a'a, Uwata za a kai wa. Haka na zauna na naɗe hannun dama na kowace riga na ɗinke bakinsa. Har yanzu ni nake yi masa ɗinkin Kirsimeti, kuma duk shekara sai na yanka hannu biyu cikakku kafin in tuna.