Sunan da Inna Ta Amsa a Bakin Teku

Ranar wata Asabar ce da hantsi, babbar sallah ba ta daɗe da wucewa ba don har lokacin akwai sauran soyayyen nama a kwalla, a shekarar da nake aji uku na firamare. Akori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu a Birchi, an lafta mata katifa da turmi da buhun gero, za ta kai mu Dutsin-Ma mu kama babbar mota zuwa kudu, inda aka mayar da Baba aiki a wani barikin sojan ruwa. Yayata Hinde ce ta ɗauko ƙullin kayana a ka ta kai mota, ta koma ta ɗauko na ƙanenmu Sani, ta sake komawa ta ɗauko taɓarya. Ita ba ta cikin tafiyar. Inna ta bi matan gida ɗaya bayan ɗaya tana sallama, har da maƙwabciyar da suka daɗe ba sa shiri, amma da ta zo daidai Hinde sai ta gyara mayafi ta kalli akuyar da ke ɗaure a turke. Kakarmu, wadda kowa ke kira Tsohuwa, ta ce, "Ku dube ta, wai ba ta san ɗiyar ba." Mata suka kwashe da dariya, Hinde ma ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ni kuwa ina saman katifa ina buga ƙafa, ni dai a tafi.

Ba faɗa ba ne tsakaninsu. Hinde ce ɗiyar fari, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ake kiran abin, kuma Inna ta riƙe shi da ƙarfi fiye da matan zamaninta. In za ta aiki Hinde sai ta ce da ni, "Gaya wa waccan ta sauke tukunya," alhali waccan ɗin tana tsaye kusa da ita. Tun da aka yaye Hinde a ɗakin Tsohuwa take kwana, don haka da maganar tafiya ta taso babu wanda ya yi gardama. Tsohuwa ta ce ba za a kwashe mata gida kaf ba, Baba ya ce idan Hinde ta gama firamare za ta biyo mu, Inna kuma ba ta da bakin magana a kan wannan ɗiyar. Ni a lokacin abin da na fahimta kawai shi ne na rabu da surfe da ɗebo ruwa a rijiya da korar awaki daga shanyar gyaɗa, duk sun koma kan wadda dama ta fi ni iya su.

Barikin ya fi Birchi girma nesa ba kusa ba. Akwai ƙofa mai sojoji da bindiga, akwai makaranta da asibiti da masallaci da coci da kasuwa duk a cikin katanga ɗaya, sannan a can ƙarshe, bayan shingen waya, ga ruwa da ba shi da ɗaya gefen. Na saba da ruwan dam na Dutsin-Ma, wanda kana hango itatuwan tsallake, shi ya sa ranar farko na yi ta leƙe ina neman inda wannan ya ƙare har wuyana ya yi ciwo. Jiragen ruwa masu launin toka suna jere kamar an ɗaure shanu. An ba mu ɗaki da falo a wani dogon bene, kicin na haɗaka, famfo ɗaya a ƙasa. Iskar wurin gishiri gare ta, ƙusa da kwano da kan keken ɗinki duk tsatsa suke yi, wanki ya wuni a igiya bai bushe ba, kukar da Inna ta ƙullo daga gida ta yi funfuna ta dunƙule. Da yamma idan za a sauke tuta sai a busa ƙaho, kowa ya ƙame inda yake, har mai tallan burodi. Sau da yawa ƙahon nan ya kama ni da bokiti a ka, ruwa na zubo mini a wuya, ina zagin mai busar a zuciyata.

A bakin famfon nan abin ya faru, muna sababbin zuwa. Maƙwabciyarmu ta ƙofa da ƙofa wata doguwar mata ce ’yar yankin, mai yawan dariya, ana ce mata Mama Ebi, don a can da sunan ɗan fari ake kiran mace, kuma abin alfahari ne. Ta tare Inna da ’yar Hausarta ta kasuwa ta ce, "Wane ne na fari naki?" Inna ta yi abin da kowace mace a Birchi za ta yi, ta sunkuyar da kai ta yi shiru. A gida da tuni wata gwaggo ta amsa mata, a yi dariya a wuce. A nan babu gwaggo. Mama Ebi ta duba, ta ga ni ce babba a yaran da ke tsaye, ta kama haɓata ta tambayi sunana. Na ce Rabi. Ban yi ƙarya ba, sunana aka tambaya. Ta tafa hannu ta ce, "To, Mama Rabi, sannu da zuwa." Kafin la’asar duk benen ya ɗauka. Inna ta yi kwanaki tana yin kamar ba da ita ake ba, amma mutum ba ya zama da jama’a babu suna, wata rana aka kira daga kicin, na ji ta ce na’am.

Gaskiya na ji daɗin barikin nan, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Na koyi Turancin bariki kafin na koyi na aji. Na koya wa yaran benen carafke da ’yar gala-gala, su kuma suka koya mini wasansu na tafi da jefa ƙafa, har na fi su. In ruwa ya janye mukan bi ta wata ɓarakar waya mu kamo ƙaguwa a gwangwani, mu dawo da laka har gwiwa. Ranar Asabar ta share-share, da ake zuwa duba tsabtar gidaje, ni ce mai rabon tsintsiya, mai faɗa da duk wanda ya noƙe. Inna ta fara yin fura da dambu tana aikawa kasuwar bariki, sojojin arewa suna rububi, kuma kowa ya san furar Mama Rabi. In na ji an faɗa sai in ƙara miƙe wuya. A Birchi ni ce ta biyu, mai gajen haƙuri, wadda ake cewa, "Ki yi koyi da yayarki." A nan babu yaya. Baba kan kira gida ya ba mu waya mu gaisa da Hinde, ni in yi ta zuba mata labarin jirage, Inna kuwa ta tsaya daga bakin ƙofa tana goge kwanon da ya riga ya bushe, sai an kashe wayar ta ce, "Ta ce suna lafiya?"

Da Hinde ta gama firamare Baba ya cika alkawari. Tsohuwa ta yi ta mita amma ta sake ta, ya je hutu ya taho da ita don ta shiga sakandaren bariki. Ta iso da akwatin ƙarfe da ƙullin daddawa, ta yi tsawo, hannunta ya yi kanta. Ta durƙusa ta gaida Inna, Inna ta amsa tana kallon bango, daidai yadda aka saba. Abin da ba a saba ba shi ne washegari da sassafe da Mama Ebi ta ƙwala kiran "Mama Rabi" daga baranda, Inna ta amsa. Hinde tana shara. Ta tsaya da tsintsiyar a hannu, ta dube ni, ta ci gaba da shararta.

Hinde ba ta iya zama ba aiki. Kafin mu tashi ta ɗebo ruwa, ta wanke kwanuka, ta daka geron fura, kuma ba ta jin yaren kowa balle ta yi bayani. Matan benen suka ga yarinya ta zo daga ƙauye tana aiki kamar inji, matar gida ba ta kiran sunanta, ba ta ko kallonta, sai suka yanke abin da kowa zai yanke. Suka fara aikenta. Wata ta ba ta tsofaffin kayan ’yarta. Wata ta tambayi Inna ko za a samo mata irin wannan daga arewa. Ranar da na ji haka raina ya ɓaci, na tsaya a tsakiyar kicin na ce yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce ta fari. Na zaci gyara na yi. Mama Ebi ta ajiye wuƙar kifi ta juya kan Inna, da Hausa da Turanci da hannu, tana cewa wace irin uwa ce za ta haifi ɗiya ta ɓoye ta, me yarinyar ta yi mata, ta faɗi sunanta yanzu kowa ya ji. Da zuciya ɗaya take faɗa, don tausayin Hinde. Inna ta tsaya da ludayi a hannu. Na ga ta buɗe baki. Sunan bai fito ba. Hinde tana tsugune a gefen murhu tana kallon duk wannan.

Da yammar ranar na same ta a bayan bene, wajen wayar da ake hango ruwa. Na ce kada ta damu, mutanen nan ba su san komai ba. Ta ce, "Rabi, a Birchi in Inna ta ƙi kiran sunana kowa ya san dalili, har tsokanarta ake yi. Nan in ta ƙi, sai a ce ba ni da uwa." Ba ta ƙarasa zangon karatun ba ta ce wa Baba tana son komawa, wai Tsohuwa ba ta da mai ɗebo mata ruwa. Baba ya yi faɗa, ya yi lallashi, sannan ya dubi Inna ko za ta sa baki. Na san kalma ɗaya daga gare ta ta isa. Na bi ta ɗaki na ce, "Inna, ki ce ta zauna mana." Tana ninke sabuwar atamfarta, wadda ba ta taɓa ɗaurawa ba, ta haɗa da busasshen kifi ta ɗaure. Ta miƙo mini ta ce, "Ke ba ki da kunya. Kai wa waccan." Idonta ya yi ja kamar ta shiga hayaƙi.

Mun ƙara shekaru a barikin bayan tafiyarta, kuma ba a daina kiran Inna da sunana ba, sai dai ni na daina miƙe wuya. Yanzu Baba ya yi ritaya muna Dutsin-Ma, Tsohuwa ta rasu, Hinde ta yi sakandarenta a Kurfi, tana aure can tana ɗinki. Tsakaninmu lafiya lau, ba ta taɓa tayar da zancen ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don da ta yi faɗa da na san inda zan tare. Ɗiyarta ta fari sunanta Asiya, kuma tun daga zaure za ka ji Hinde tana ƙwala mata kira, a gaban surukai, a gaban kowa, tsofaffi suna taɓe baki. In Inna ta je gidan takan zauna tana saurare. Ni kuwa har yau idan zafi ya matsa nakan yi kewar iskar nan mai gishiri da ƙarar ƙaho da lakar bakin ruwa, sai in tuna a kujerar wa na zauna na more su. Shekarun da na fi so a rayuwata su ne waɗanda yayata ba ta da suna a gidanmu.