Amsar Ɗalibaina Ranar Walimar Saukata

Sa'ad da aka tura ni koyarwa Maiyama, manyan malamai sun ce babu mai iya koya wa 'ya'yan manoman Gumbin Kure rubuta wasiƙar Turanci. Na koya masu. Da na yi ritaya na ɗauki allo na durƙusa gaban alaramma a Jega, aka ce ɗan boko mai furfura ba ya sauke Alƙur'ani. Na sauke.

Cikin abin da na koyar akwai kalmar unfortunately. Nakan ce da yara kalma ce ta takaici, ba ta ado ba. Wurinta shi ne inda al'amari ya zo ba yadda ake so ba: ruwa ya ci gero, ko motar Aliero ta tashi ba da kai ba. Na kuma hore su cewa wanda ya san ba zai halarci gayyata ba, ya rubuta ta ya faɗi gaskiya, kada ya fake da "in Allah ya so" kamar yadda muka saba.

Da walimar saukata ta matso, na rubuta wa tsofaffin ɗalibaina gayyata da hannuna. Tun rasuwar uwargidana gidan ba ya ganin baƙi, kuma ina son su gan ni riƙe da allo.

Mahaucin unguwarmu ya dubi ragunan da na saya don walimar ya ce, "Malam, har biyu? Kai da wa?"

Na ce, "Ɗalibaina suna tafe."

Ya ce, "Allah shi kawo su lahiya. Ni dai a aje min kai da ƙafa."

Tun hantsi saƙonni suka fara shigowa wayata. Wannan yana da taro a ofis, wancan ɗansa ba lafiya. Kowane saƙo da kalmar unfortunately ya fara, a muhallinta, ba kuskure ko ɗaya. Da sun ce "in Allah ya so", da na yini bakin zaure ina duban hanya har magariba. Amma ni na hana su, don haka kafin azahar na san ba mai zuwa.

Alaramma ya yi addu'a ya koma makaranta, na bi shi da naman. Tabarmi shida na shimfiɗa, na naɗe biyar da kaina. Ina so a rubuta ranar: Asabar ta biyu bayan Ƙaramar Sallah, shekarar da na cika saba'in da huɗu.