Kowa Zakirai Ne

Muhsina Iliyasu Zakirai ba ta taɓa son noma ba, kuma ba ta ɓoye ba. Tun tana firamare, in aka ce ta kai abinci gona sai ciwon kai ya tashi. Ta yi karatun kwamfuta a Kano, ta dawo, sai ga ta a ofishin ƙungiyar manoman garinsu tana kula da rumbun bayanansu. Noman da ta gudar wa dai shi ya ba ta kujera.

Daminar bana aka kawo taki. Ranar rabo na'urar kwamfutar ofishin ta cije. Akawu ya rubuta suna, allo ya yi ta juyi, layi ya kai bakin masallaci. A layin har da babanta, Malam Iliyasu, wanda geronsa ya fara rawaya. In bai sami taki a makon ba, gonar ta tafi.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Kamaruddeen, ya ce zafi ne, a kawo fanka. Aka kawo, na'ura ta sha iska, ba ta motsa ba.

Muhsina ta duba abin da ke cin ƙarfin na'urar. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ya cika maƙil; memori, inda take shimfiɗa aikin da ke hannunta, babu masaka tsinke. Ta bi binciken da akawuna ke yi. Kowannensu da sunan ƙarshe yake neman mutum, yadda masu manhajar suka tsara. To amma a nan, tun daga makaranta, mutum sunan garinsu yake liƙawa a bayan nasa. Kowa Zakirai ne. A nemi mutum ɗaya, sai na'ura ta kwaso garin kaf ta zube a memori. Binciken akawu na gaba ya ture wannan ya zube nasa, kamar mata da yawa a kan tabarmar shanya ɗaya. Furosesa kuwa yana ta faman jera sunayen da za a sake turewa.

Ta rufe gurbin suna, ta mai da bincike kan lambar katin ƙungiya da kowane manomi ke da shi. Layi ya motsa.

Da aka zo kan babanta, akawun ya tafi salla, ita ce a kujera.

"Baba, lambarku?"

"Iliyasu Zakirai," in ji shi.

"Ba ta karɓar suna yanzu, Baba."

Abin ya yi masa ciwo, ita ma ta ji. Ya laluba aljihu ya miƙa kati, ya ɗora buhunsa a keke.

Gero ya farfaɗo. Amma har aka yi girbi, in ta durƙusa gaishe shi da safe, sai ya ce, "Lafiya lau. In ɗauko katin?"