Gidan Kawu Ari na Cikin Hula

Duk wanda ya san Kawu Ari, yayan mahaifiyata, ya san ba a gama gaisawa da shi sai ya tuɓe hula ya zaro katin nan. Hoton wani ƙaton gini ne na dutse, mai ginshiƙai takwas, da ya zo da shi daga ƙasar Faransa bayan ya gama soja.

"Gidana ke nan a can," yake cewa. "Kul! Ka wanke hannu?"

Ina sabuwar amarya a Gure lokacin, gidanmu na jikin nasa. Ranar da aka yi ruwan farko na gan shi tsaye tsakar gida, ya kife hular da ƙwarya, ruwa na dukan sanƙonsa.

Na ce, "Kawu, mura fa!"

Ya ce, "Ke, mura tana warkewa. Kin taɓa ganin takarda ta warke?"

Wata rana akuyar maƙwabcinsa ta gutsire gefen katin. Wayyo! Har gaban mai unguwa ya ja ta da igiya, wai ta cinye masa ɗakin baƙi. Mai unguwa ya tambaye shi baƙin suna ciki? Ya ce Allah ya kiyaye, sun fita kasuwa.

Sai ga shi yana neman auren Ya Fanna, bazawarar da ke sayar da dabino. Ita kuwa ba a yi mata burga. Ta ce, "Ari, akwai rubutu a ƙasan gidan nan naka. A kira mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya karanta mana, sannan in ba ka amsa."

Ran nan ƙofar gida ta cika. Kawu sai share gumi yake. Mushe ya duba, ya yi tari, ya ce wannan gidan ajiye kayan tarihi ne: tsoffin tukwane, karyayyun takubba, kuma ba mai kwana ciki.

Dariya kamar me! Kawu ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Yini guda na fake a barandarsa, ana ruwa, ƙafafuna sun kumbura. Ba wanda ya kore ni. Shi ya sa nake ce masa gidana."

Ya Fanna ta karɓi katin, ba ta ko wanke hannu ba, ta juya shi gaba da baya.

Ta ce, "Maƙaryacin banza! Amma namijin da ya riƙe takarda shekara da shekaru don an bar shi ya fake yini ɗaya, ba zai manta da mai dafa masa tuwo ba. Turo manyanka."

Har ya rasu ba ta taɓa yin yaji ba. Allah ya jiƙan Kawu Ari da Ya Fanna, ya yafe masa 'yan ƙarairayinsa, ya sanyaya musu makwanci. Amin.