Tudun da Muka Ƙirƙira a Hanyar Konduga

Motoci da yawa sun bi ta hannuna a tsawon shekarun da na yi ina kanikanci a Maiduguri, yawancinsu ko launinsu ba na iya tunawa. Amma akwai wata farar mota da har in koma ga Allah ba zan manta da ita ba, don ita ce ta sauke mini girman kai a gaban mutumin da na fi jin nauyinsa a duniya.

A farkon shekarun casa'in ne. Ina da ɗan gareji a wajen Maisandari, ni da abokin aikina, wani Babarbare mai sanyin hali wanda sai ya ga dama yake magana. Ni kuwa lokacin jinina na tafasa, gani nake babu injin da zai gagare ni. Mai motar tsohon hedimastanmu ne na firamare, Kirista mutumin ƙasar Biu, wanda ya koya mini karatu da bulala da kuma haƙuri. Kowa Baba Hedimasta yake ce masa. Ya sayi motar a hannun wani Baturen likita da zai koma ƙasarsu, kuma ba kyanta ne ya ja shi ba. Tana da wata na'ura da muke kira kurus. In ka kai gudun da kake so sai ka danna maɓalli, ka ɗage ƙafarka daga totur, motar ta riƙe gudun da kanta har sai ka taɓa birki. Baba ya taɓa karyewa a gwiwar dama a hatsarin babur, in ya daɗe yana danne da totur sai gwiwar ta kumbura. Shi ya sa yake kiran na'urar "ƙafata ta uku". Da ita yake tuƙa kansa duk ƙarshen wata zuwa ƙauyensu da ke bayan Biu, ya dubo yayarsa da ta makance.

Da injin motar ya buga, wurina ya kawo ta. Na je wurin masu injinan Kwatano na tarar da guda biyu: ɗaya irin nata sak, ɗaya kuma mai tarbo, wato mai wata fanka da ke hura wa inji iska don ƙara masa ƙarfi. Ina ganin mai tarbon nan idona ya rufe. Ban taɓa ɗora irinsa ba, kuma ina so a ce ni na fara a unguwarmu. Na dawo na cika Baba da daɗin baki.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Injiniya, ni ba tsere zan yi ba. Ƙafata ta uku kawai nake so ka bar mini."

Na ce, "Baba, ai wannan ƙaramin abu ne."

Yau in na tuna yadda na faɗi maganar nan ina kaɗa sifana, kunya nake ji. Na ɗora injin, na haɗa komai, na fita gwaji hanyar Konduga har sau uku. Kurus ya riƙe gudu ko gezau. Na miƙa wa Baba makulli ina ta hura hanci.

Kwana huɗu bayan tafiyarsa sai ga 'yarsa a garejin. Nas ce, Sista muke ce mata, mace ce da ba ta ɗaukar wargi. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya mun yi ba. Ta ce Baba yana gida kwance, gwiwa ta kumbura kamar tulu. Ashe yana wuce Damboa, hanya ta fara hawa, sai kurus ya sake shi. Ya sake danna maɓalli, kurus ya ƙara sakinsa. Haka ya danne totur da ƙafar nan mai ciwo har ƙauye, ya kuma dawo a haka don ba ya son a ce ya kasa.

Ta ce, "Malam, na gaya masa, yanzu kuma ina gaya maka. In ƙarshen watan nan ya zo abin nan bai gyaru ba, zan karɓe makullin, mu ɗaukar masa direba."

Da yamma na je dubiya. Na same shi a zaure, ƙafa a miƙe a kan matashi. Na yi zaton faɗa zai yi mini irin na da, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce a hankali, "Ɗana, ranar da aka ɗaukar mini direba, ranar na tsufa. A fili tana riƙewa, a hawa take sakina. Ka rubuta wannan a kanka."

Ban rubuta ba. Abin da na ce masa shi ne, "Baba, ai sau uku na gwada ta har Konduga." Na ɗauko motar na shiga canje-canje. Na canza maɓalli, na canza wayar totur, na kwance fis ɗaya bayan ɗaya, na bi wayoyin wuta har ƙarƙashin sitiyari. Duk abin da na canza sai in fita hanyar Konduga, in ga tana tafiya sumul, in dawo ban san abin da na gyara ba, tunda ni ban taɓa ganin ta lalace ba. Kwana goma na ɓata a haka. Abinci ma ya daina yi mini daɗi, amma na sha alwashin ko zan rufe garejin ne sai Baba ya riƙe makullinsa.

Abokin aikina ne ya farkar da ni. Na dawo daga gwaji ina ta ƙorafi, yana zaune yana shan shayi, ya yi mini sannu da yarensu ya ce, "Wushe da aiki. Amma tsakaninka da Allah, daga nan zuwa Konduga ina ka ga tudu?"

Nan take na gane gaskiyarsa. Ni haifaffen Maiduguri ne, garin da yake shimfiɗe kamar tabarma, ko a mafarki hawa ba ya zuwa mini. Tsohon ya gaya mini ciwon da bakinsa, na tsaya ina yi masa gardama da hanyar da ba ita yake bi ba.

To, tudu dai ba mu da shi, kuma ba zai yiwu in riƙa zuwa Biu duk sanda na taɓa noti ɗaya ba. Sai na ce mu yi namu. Muka aro buhunan gero wurin maƙwabcinmu mai hatsi muka cika but da kujerar baya. Muka ɗauro wata tsohuwar a-kori-kura da igiya a bayan motar, abokina ya shiga ciki. Muka yi da shi in na ɗaga hannu ta taga, ya ɗan taka birkinsa a hankali, yadda farar motar za ta ji nauyi kamar tana hawa. Mutanen da ke bakin titi suna ta kallonmu, wani har ya ɗaga murya yana tambaya ko tabar wiwi muka sha. Ina ɗaga hannu kuwa, inji ya yi gurnani, tarbo ya fara fito, sai na ji totur ya saki. Ban taɓa murnar ganin mota ta lalace ba sai ran nan.

Saura in san dalili. Kurus ɗin nan da zuƙar inji yake aiki. Akwai wani ɗan ƙoƙo mai roba a ciki, inji yana zuƙar iska ta siririn tiyo, robar ta ja wayar totur. Ina so in ji abin da ke faruwa cikin tiyon nan ina tuƙi, amma ba ni da dogon da zai iso cikin mota. Na cire kunya na je wurin Sista na roƙi sabon tiyon ƙarin ruwa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Motar ma ruwa za ka ƙara mata?" Amma ta ba ni.

Na jona shi, na zuro bakinsa ta taga, na manna a kumatuna. Muna tafiya a fili yana tsotsar fatata. Ina ɗaga hannu abokina ya taka birki, sai tsotson ya mutu, iska mai ɗumi ta fara huro mini fuska. Shi ke nan, asiri ya tonu. Tsohon inji kullum zuƙa yake yi. Wannan kuwa da zarar ya ji nauyi sai tarbo ya cika shi da iska, zuƙa ta koma huri, ƙoƙon ya rasa abin da zai ja waya da shi. Ba na'urar ba ce ta lalace, ni ne na canza mata numfashi ban sani ba.

Daga nan aiki ya miƙe, ko da yake bai zo da sauƙi ba. Na samo ɗan bawul daga tukunyar birkin wata matacciyar mota, irin wanda iska ke bi ta hanya ɗaya ba ta komowa, don ya tare hurin. Sai kuma wurin ajiyar zuƙa, wanda kurus zai riƙa ci daga ciki lokacin hawa. Na fara da gwangwanin madara. Ina tayar da inji ya lotse ya koma kamar an taka shi, abokina ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Na sa ƙaramar kwalbar ƙarfe, ta riƙe na ɗan lokaci ta saki. A ƙarshe na samu tsohuwar tukunyar kashe gobara, na wanke, na yi mata baki biyu, na ɗaure ta a gefen inji. Muka koma tudunmu na igiya. Abokina ya taka birki har tayoyinsa suka fara wari, farar mota ba ta saki ba. Na gwada birkina sau ba adadi don in tabbata yana kashe kurus nan take, don na san tambayar da Sista za ta fara yi ke nan.

Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata muka kama hanya da safe. Baba a sitiyari, ni a gefensa, Sista a baya ta rungume jaka, fuska ba annuri. Wannan karon ban yi alkawarin komai ba. Muka wuce Damboa, ƙasa ta fara ja, duwatsu suka fara bayyana. Sai ga hawan farko a gabanmu. Baba ya danna maɓalli, ya janye ƙafarsa ya ajiye a gefe. Tarbo ya fara fito. Idona na kan allurar gudu, ina ta salati a zuci. Allura ta ɗan yi rawa, ta tsaya cak. Muka haye. Muka haye na biyu, muka haye na uku wanda ya fi su tsawo.

Sai da muka kai can sama, sannan Baba ya dubi madubi ya ce, "Sista, wannan direban naki, a gaya masa ya nemi wani aikin."

Ta yi dariya tana goge ido da gefen gyale. Ni kuma ya juyo ya ce, "Injiniya, ka ci jarrabawa, amma sai da ka maimaita aji." Na sunkuyar da kai, daɗi da kunya suka haɗu suka cika mini ƙirji.

Baba ya ci gaba da tuƙa kansa har yayarsa ta rasu, shi ya kai kansa jana'izarta. Ni kuwa tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini mota, kafin in buɗe bonet sai na zaunar da shi na tambaye shi inda yake zuwa da ita da inda take ba shi wahala, in kuma yi shiru har ya gama. Na koyi cewa aikin mutum ba a kan hanyata zan gwada shi ba, sai a kan hanyar da shi zai bi.