Kawu Sabo a Tsibirin Ortijiya

Kun dai san Kawu Sabo. Duk inda za shi a unguwar Deira, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Kwali, ƙofar shago, kafaɗar baƙo, sai ya auna. Da tef ɗin ya biyo ni Italiya, shekarar da muka je garin Sirakusa neman wani tsoho mai ɗinka takalma, don kwastomominmu masu sayen takalma a kasuwar Naif sun fara guduwa. Shagon tsohon yana Ortijiya, wata tsohuwar unguwa a kan ɗan tsibiri.

Muna isa bakin gadar shiga tsibirin Kawu ya ja ya tsaya.

"Nura, ina kwale-kwale?"

"Kawu, da ƙafa ake shiga."

"Tsibirin da ake shiga da ƙafa? Kai, an yaudare ka!"

Na roƙe shi, na ce ƙarfe ɗaya ake rufe shagon. Ina! Sai da ya samo masunci ya tsallakar da shi. Ni minti biyu na yi a kan gada. Shi ya iso bayan minti arba'in, babbar riga sharkaf.

"Ni na zo tsibiri," in ji shi. "Kai unguwa ka zo."

Gaba kaɗan muka tarar da wasu ginshiƙan dutse, Turawa sun kewaye suna ta ɗaukar hoto. Na ce masa ginin ya haura shekara dubu biyu. Kawu ya riƙe baki.

"Shekara dubu biyu ba a yi rufi ba? Kuma ba a kama ɗan kwangilar ba?"

Kafin in ankara ya haura shinge yana auna ginshiƙi, wai wurin zai ci kwantena shida. Da usur mai gadi ya fito da shi.

Muka tarar tsohon ya kulle shago, yana zaune a bakin ƙofa. Na ce shi ke nan, mun yi tafiyar banza. Kawu ya zauna kusa da shi. Wallahi awa guda suna hira, shi Hausa da ɗan Larabcinsa na "shuwayya shuwayya", tsoho Italiyanci, kowa na gyaɗa kai. Can tsohon ya miƙe ya buɗe shago.

"Kawu, me ya ce maka?"

"Gwiwa ke damunsa, kuma 'ya'yansa ba sa zuwa gaishe shi."

Daga baya na bincika. Haka ne kuwa.

Allah ya jiƙan Kawu Sabo, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ya huta. Amin.