Gwaggo Ladi da Motar Dawaki

Duk wanda ya taɓa shiga motar Gwaggo Ladi ya san doka ta farko: takalmi a hannu. Ko kai likita ne, ko limami, ko ana tsuga ruwan Disamba, sai ka tsaya da ƙafa ɗaya a bakin titi ka tuɓe. "Ɗakina ne," in ji ta. "Kana shiga ɗakin uwarka da takalmi?" Ku da kuka san ta kuna dariya. Ni da na zauna a gefenta wata bakwai tana koyon tuƙi, har yau in na tuna ba na dariya.

Ƙanwar mahaifina ce. Tun da mijinta ya rasu ta riƙe kanta da girkin suna da biki, a nan ƙasar Turawa, daga unguwar Peckham har ta Stratford. Matsalarta ɗaya, ɗaukar tukwane. Masu tasin minicab sun gane muryarta, da ta kira sai su ce babu mota, saboda miyar kuka ta taɓa kifewa a but ɗin motar wani mutumin Kumasi, bawan Allah ya yi wata guda yana yawo da warin daddawa.

Wata Asabar a 1989 na ji ana kwaɗa mini kira daga ƙasa. Na leƙa ta taga. Wata ƙatuwar koriyar mota ta tare rabin layinmu, wani tsohon Bature manomi yana miƙa wa Gwaggo makulli.

"Gwaggo, wannan fa motar ɗaukar dawaki ce!"

"Na sani. Ka ga doki a ciki?"

"To me za ki yi da ita?"

"Abin da ya ɗauki doki uku bai kife ba, ai zai ɗauki tukwanena."

A lokacin ina tuƙa babbar motar wani kamfanin burodi. Na zaunar da ita na yi mata bayani: nauyin motar nan ya fi ƙarfin lasin ɗinta, sai ta yi test, wato jarrabawar tuƙin manyan motoci, kuma kafin nan ba ta da ikon motsa ta sai da mai lasin a gefenta. Na ce akwai makarantun koyo, suna da motocinsu.

"Makaranta? Ni da nake tuƙa tuwon mutum ɗari uku? Tuƙi ai tuƙi ne, Habu. Kuma mai lasin ba ga ka nan ba?"

Lasin ɗin nan shi ne abincin 'ya'yana. In ta taka wani, da ni za a tafi. Amma wa ya isa ya ce wa Gwaggo a'a?

Kowace Lahadi da sassafe muke fita. Gajera ce, sai ta ɗora filo biyu take hango titi. Ta kunna turaren wuta a kasko don korar warin doki, hayaƙi ya cika gaban motar, ni ina tari ina karanta duk addu'ar da na sani. A roundabout, wato shataletale, na farko da muka shiga, sau huɗu muka zagaya.

"Gwaggo, ki fita! Ga hanyarmu nan!"

"Na gan ta. Ba su ba ni wuri ba. Mutanen ƙasar nan ba su san babba ba."

Ranar da na kusa suma kuwa a Rye Lane ne. Muna tafiya lafiya sai ta taka birki a tsakiyar titi, ta zuge gilashi, ta hau gaisawa da wata mata mai tura keken jariri. Bas mai bene ta tsaya a bayanmu tana danna hon, ga ɗan sanda can yana waiwayowa.

"Gwaggo, don girman Allah, mun tare hanya!"

"Su jira. Yarinyar nan ta haihu ban je barka ba."

Da ta yi booking ɗin test, na roƙe ta ta yi hayar motar makaranta ko na rana ɗaya ne. Ta ce motar da ta san halinta da ita za ta je. Na ce to abu ɗaya: dole bayan motar ya zama fanko, haka dokar take. Da safen ranar na kai hannu zan buɗe in duba, ta ce, "Habu, ni za ka bincika? Babu kaya." Kunya ta kama ni, na janye hannuna.

Mai yin test ɗin wani dogon Bature ne mai gashin baki, da allon rubutunsa a hammata. Ya ɗaga ƙafa zai hau, Gwaggo ta nuna takalminsa ta girgiza kai. Ya ce aikinsa bai yarda ya tuɓe ba. Na ce a raina shi ke nan, an gama tun ba a fara ba. Sai ta zaro leda biyu na kasuwa daga jakarta ta miƙa masa. Mutumin nan ya dube ta, ya dubi ledojin, ya sunkuya ya ɗaura su a kan takalminsa.

Ni aka bar ni a ɗakin jira, hancina manne da gilashin taga. Kafin a fita titi akan gwada birki a filin wurin. Gwaggo ta taho da gudu, Baturen ya ɗaga hannu, ta taka. Motar ta tsaya cak. Sai kuma gwaram! Daga baya aka ji ƙarar, kamar rufin kwano ya faɗo.

Na fito a guje. Wani jan ruwa mai kauri yana ɗiga daga ƙarƙashin ƙofar baya, yana malala a kan kwalta. Baturen ya sauko ledojinsa suna kwaramniya, ya ga jan abin nan, fuskarsa ta yi fari fat.

"Madam," in ji shi da Turanci, "akwai doki a ciki?"

Na buɗe. Manyan tukwane uku a kife, miyar tumatir da manja har bango, nama ko'ina. Ashe ta karɓi girkin suna a Stratford na ƙarfe biyu, da nufin in ta ci test ta wuce kai tsaye.

"Gwaggo! Kin ce babu kaya!"

"Kaya ka tambaya. Miya kaya ce?"

An kayar da ita a nan take. A hanya ba ta ce komai ba sai, "Birkin dai ya kama, ai ya gani da idonsa." Mutanen Stratford kuwa shinkafa da mai da yaji suka ci ranar.

Karo na biyu ribas ya kayar da ita. Karo na uku na shiga bayan motar da kaina na leƙa kowane lungu, tana zagina ina ba ta haƙuri. Na yi fiye da awa ina zarya a ɗakin jira, ina sauraron jiniyar motar asibiti. Sai ga ta da takarda a hannu, ta ci! Na tuɓe takalmi zan hau, ta ce, "Ina za ka? Yanzu ba na bukatarka. Ka cika salati a kunnen mutum." Ta ja motarta. A bas na koma gida.

Shekara takwas ta yi tana tuƙa ta, ko kyanwa ba ta taɓa takawa ba. Da ciwo ya kwantar da ita a asibiti, wata rana da la'asar ta riƙe hannuna.

"Habu, da gaske tsoro kake ji a motar nan?"

"Wallahi Gwaggo, kullum."

Ta yi murmushi. "Ni ma. Gwiwoyina rawa suke yi a ƙarƙashin zane. Amma tun da mijina Malam ya rasu ba ni da wanda zan ce wa ina jin tsoro."

Bayan kwana huɗu ta cika. Allah Ya jiƙan Gwaggo Ladi, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta, Ya sanya ta inda babu sauran fargaba. Amin.